Ruwa Ya Yi Gyara, Amma Laifin Wa?

A ƙasarmu, in aka kwana ana ruwa cikin watan Agusta, gari ya waye katanga ta faɗi ko soro ya rufta, ba mu kan ce ruwa ya yi ɓarna ba. Sai mu ce ruwa ya yi gyara. Magana ce ta ladabi, gama ba a zagin abin da a ke roƙo. Amma wanda ya zaga unguwa da safiyar nan zai ga abin tunani. Ga ɗakuna biyu maƙwabtan juna. Hadari ɗaya ya sauko a kansu, iska ɗaya ta buge su. Ɗaya yana tsaye, ɗaya kuwa ya zama tsibin ƙasa. In ruwa ne kaɗai ya yi aikin, ƙaƙa ya zaɓa?

'Yan'uwa masu karatu, ba don katanga kaɗai mu ke wannan tambaya ba. Mutanen Batsari da Safana, daga Ruma da Wagini har Runka, sun yi shekaru suna yin ta a kan mutum. Samari sun shiga dajin Rugu da bindiga, sun zama abin tsoro ga ƙauyukan da a dā su ke cin kasuwa tare. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum wajen 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙasar Batsari. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da mutanen daji a 2019, sulhun bai daɗe ba. A 2025 kuma aka sake zaman sulhu a Batsari da Jibiya da waɗansu wurare, har mutanen da a ke jin sunansu da fargaba suka fito fili. To, in an zauna a zaure ana wannan zance, bakin mutane ya kan rabu uku. Wani ya ce wahala ce ta mai da su haka: an sace shanunsu, an cinye burtali, an zalunce su a wurin shari'a. Wani ya ce ƙarya ne, hali zanen dutse, mugu mugu ne tun daga ciki. Wani kuma ya ce laifin manya ne da ba su yi tarbiyya ba. Watau na fari ya ba ruwa laifi, na biyu ya ba ƙasa, na uku ya ba magini. Bari mu tambayi ƙasar kanta tukuna, gama masana sun bincike ta ƙwarai, kuma abin da suka samu ya fi yadda mu ke zato.

Laka 'yar dutse ce. Duwatsun nan da ke tsaye a yammacin Katsina, irin da Turawa ke kira giranit, ba su da alamar tsufa a idonmu, amma ruwan sama yana cinsu a hankali. Cikin dubban shekaru wani sashi na dutsen ya kan ruɓe ya zama gari mai laushi, sashin da ya ƙi ruɓewa kuwa shi ne yashi. Ƙwayar yashi ana ganinta da ido. Ƙwayar laka ba ta ganuwa, gama in ka raba milimita ɗaya kashi 500, ba ta wuce kashi ɗaya ba. Kuma ba dunƙule ta ke kamar yashi ba. Fallaye ne siraran gaske, an jera su bisa juna kamar takardun littafi. Wajen shekara ta 1930 aka gane wannan tsari, sa'ad da masana irin su Linus Pauling na Amurka suka haska irin waɗannan ma'adinai da hasken nan da likita ke duba ƙashi da shi. Sirancin falle ɗaya ya wuce misali: sai an jera kamar miliyan ɗaya kafin su kai kaurin milimita.

Laka iri iri ce, amma biyu sun ishe mu a nan. Ta fari ita ce farar ƙasa irin wadda a ke haƙa a Ƙanƙara. Sunanta a wurin masana kawolin, daga sunan wani tudu a ƙasar Sin inda a ke haƙarta don yin tangaran. Ita ce kuma mafi yawa cikin jar ƙasar da mu ke gini da ita. Fallayenta sun riƙe juna kam. Ruwa ya kan jiƙa bayanta, ya zauna a jikinta kamar raɓa bisa ganye, amma ba ya samun hanyar shiga tsakanin falle da falle. Saboda haka ba ta kumburi sosai, ba ta kuwa tsukewa sosai in ta bushe.

Ta biyu ita ce wadda ke cikin baƙar laka ta fadama, wadda kan dare da rani har ƙafar akuya ta faɗa. An sa mata suna montmorilonait a 1847, bisa sunan garin Montmorillon a Faransa. Ita fallayenta ba su riƙe juna da kyau ba, kuma kowane falle yana da wani ƙarfi mai jawowa, kamar maganaɗisu, sai dai na lantarki ne. Wannan ƙarfi ya kan jawo ƙwayoyin gishiri iri iri su zauna tsakanin fallayen. Su kuwa ƙwayoyin nan masu son ruwa ne ƙwarai. Da damshi ya zo, sai su jawo ruwa zuwa ciki. Ruwan ya shimfiɗu sahu ɗaya, fallaye su ɗaga da misalin kashi ɗaya cikin huɗu. Sahu na biyu ya shiga, su ɗaga da rabin kaurinsu na fari. Na uku ya biyo. Ka tuna da littafin da ruwa ya jiƙa, yadda ya kan kumbura har bango ya ƙi rufuwa. Haka abin ya ke, sai dai a nan kowace takarda ce ke jan ruwan da kanta. Kuma da ya ke fallayen suna da yawa haka, filin da ruwa zai manne ya yi faɗi ƙwarai. In da za a warware fallayen da ke cikin giram ɗaya a shimfiɗa, gaba da baya, za su kai murabba'in mita 700 zuwa 800. Watau cikin ƙaramin cokali na shayi akwai fili kamar eka guda. Farar ƙasa mai nauyi ɗaya da wannan ba ta wuce murabba'in mita 10 zuwa 20 ba.

Wanda ya taɓa bin hanyar Dikwa zuwa Gamboru a Barno ya ga iyakar wannan hali. Can akwai baƙar laka da a ke kira firki, shimfiɗe har iyakar gani. Da damina ta kan kumbura ta yi santsi ta riƙe mota. Da rani ta tsuke ta dare. Hanyar da aka shimfiɗa a kanta, ko ginin siminti, tana ɗaga shi tana sauke shi kowace shekara har ya tsattsage. A nan ƙasarmu ba ta da yawa haka, sai a kwari da bakin fadama, amma maginin da ya ɗebi irinta ya yi tubali ya san sakamako: tubalin ya kan fashe tun yana shanya.

To, ga amsa ta fari. Mai cewa laifin ruwa ne kaɗai bai faɗi daidai ba. Ruwa ɗaya ne, amma wata ƙasa ta tsai da shi a ƙofa, wata ta shigo da shi har ƙurya. Wahalar da ta sami wanda ya ɗauki bindiga ta sami ɗan'uwansa ma. An kore shanunsa shi ma, an ci shi tara ba bisa gaskiya ba shi ma, duk da haka yana can yana kiwon na wani ko yana leburanci a Katsina, hannunsa ba jini. In muka ce wahala ce kaɗai, mun ci amanar wannan mutum, mun mai da haƙurinsa ba kome ba.

Amma kada mai cewa hali zanen dutse ya yi saurin murna. Akwai abu biyu da za su ba shi wuya.

Na fari, lakar nan mai kumburi ita ce mafi albarka a gona. Ƙarfin da ke jawo ruwa shi ne ke riƙe taki. Tun 1850 wani Bature a Ingila, Thomas Way, ya nuna cewa in aka zuba ruwan taki a bisa ƙasa, ƙasar ta kan kama amfanin da ke ciki ta riƙe, ta saki wani abu dabam a madadinsa. Jigawa ba ta da wannan riƙo sosai, shi ya sa manomin gero ya kan zuba taki bana, baɗi ya ga kamar bai zuba ba. Firkin nan kuwa da ke karya hanya, a kansa mutanen Barno ke dasa dawar masakwa bayan damina ta wuce. Ba ɗigon ruwan sama ko ɗaya, amma ta nuna a girbe ta cikin sanyin Janairu da Fabrairu, da ruwan da laka ta ɓoye tsakanin fallayenta. Abin da ya sa ta zama masifa ga magini shi ne ya sa ta zama arziki ga manomi. Mu ma mun san yara irin wannan. Yaron da magana ke shiga ransa, wanda ba ya manta cin mutunci, sau da yawa shi ne wanda ba ya manta alheri. In ya sami hanya, shi ne jarumin gida. Wanda ba abin da ke shiga cikinsa ba ya fashewa, gaskiya ne, amma ba safai ya kan ciyad da kowa ba.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Yawan kumburin laka ba daga fallayen kaɗai ya ke ba. Ya dogara ga irin baƙon da ya sauka a tsakaninsu. In sodiyam ne, watau abin da ke cikin gishiri da kanwa, ba a magana: irin lakar da a ke kira bentonait, wadda a ke haƙa a jihar Wayomin ta Amurka, in ta sami ruwa mai daɗi ta kan kumbura sau 10 ko fiye, fallaye su rabu da juna ta zama kamar koko. Masu haƙan rijiyar burtsatse suna amfani da ita don wannan hali, ta toshe bangon rami. In kuwa kalsiyam ne ya zauna a wurin, abin da ke cikin ƙashi da ɓawon ƙwai, sai ya kama falle na sama da na ƙasa ya hana su nisa. Ruwa ya shiga sahu biyu ko uku ya tsaya. Akwai kuma wata laka, 'yar'uwarta a tsari, wadda fotasiyam ya zauna cikinta, abin da ke cikin toka. Shi ya shige daidai cikin ƙananan ramukan falle kamar maɓalli, ya kulle, ruwa ba ya shiga sam. Gida ɗaya ne fa, baƙi ne suka bambanta.

Kuma ana iya sake baƙon. Masu aikin hanya sun san wannan. In suka tarad da baƙar laka, su kan gauraya ta da farin garin da a ke samu in an ƙona dutsen siminti, irin dutsen da ke Kalambaina kusa da Sakkwato. Kalsiyam ya shiga ya kori wanda ya tarar, laka ta kwanta, har a iya shimfiɗa kwalta a kanta. Ashe abin da mu ke kira halin ƙasa ba duka ne zanen dutse ba. Rabinsa gado ne, rabinsa kuwa abin da ya shiga daga baya ya zauna.

Sai dai a lura, ƙofar da baƙon kirki ya bi ita mugun zai bi ya komo. Gonar da aka gyara, in aka yi ta ba ta ruwa mai kanwa shekara da shekaru, sodiyam ya kan dawo, ƙasa ta toshe ta zama fako. Wannan ya kamata masu sulhu su riƙe. Mutum ya ajiye bindiga yau, gaskiya ne ya sake, ba lalle yaudara ba ce. Amma in ya koma cikin abokan dā, da ƙwayar dā, da rashin aikin dā, ba abin mamaki ba ne a ga ya koma. Wanda ya ce tuba ba ta yiwuwa ya yi kuskure, wanda kuma ya ce an gama da ya ke an yi musafaha a gindin itace, shi ma ya yi.

Akwai dai iyaka. Maginiyar tukwane ta kan cuɗa yumɓu, ta gina, in bai yi mata ba ta rushe ta sake, muddin da ɗanye ne. Ko ya bushe ƙayau, in ta jiƙa shi zai komo. Irin wannan ne Annabi Irmiya ya gani a gidan maginin tukwane. Amma in tukunya ta shiga wuta, zafi ya kai digiri 500 zuwa 600, wani ruwa da ke cikin ginin fallen kansa ya kan fita, tsarin ya rushe, ba ya komowa har abada. Kasko ko ya shekara dubu cikin rafi ba zai zama yumɓu ba. Ba mu musun cewa akwai zuciyar da ta ƙone haka. Abin da mu ke musu shi ne a ce muna iya ganewa da ido. Busasshen tubali da gasasshe duka suna da tauri a hannu. Ruwa ne ke bambanta su, shi ma sai an ba shi lokaci.

Yanzu bari mu juya ga wani baƙo da laka ke karɓa, wanda kakanninmu ba su san da shi ba. Iska ce marar launi marar wari, wadda ke fita daga numfashinmu, da wutar itace, da gawayi, da fetur, da kwal. Masana suna kiranta kabon dayoksaid. Mu kira ta iskar gawayi. Kafin zamanin injuna, cikin kowane kashi miliyan na iskar duniya akwai kashi 280 nata. Sa'ad da Charles Keeling ya fara aunawa a bisa dutsen Mauna Loa a 1958 ta kai wajen 315. Yanzu ta wuce 420. Ita ce ke riƙe zafin rana kamar bargo. Duniya tana zuba fiye da tan biliyan 35 nata sama kowace shekara daga mai da kwal da gas, rabon Afirka duka kuwa bai kai kashi 4 cikin 100 ba.

Don rage ta, waɗansu ƙasashe suka ce a kama ta a tura ƙarƙashin ƙasa. In aka wuce zurfin mita 800, nauyin da ke bisa ya kan matse ta ta yi kauri kamar ruwa, ta shiga ƙofofin dutsen yashi ta zauna. Mutanen Norwe suka fara wannan a 1996 a wani wuri da a ke kira Sleipner, ƙarƙashin teku, kimanin tan miliyan ɗaya a shekara a farkon aikin. Amma iskar ta fi ruwan da ke can rashin nauyi, kullum tana neman sama. Me zai tsare ta? Murfi, watau shimfiɗar tsohuwar laka da ta daskare ta zama dutse. Saboda haka aka koma ga tambayarmu: in wannan iska ta haɗu da laka, me zai faru?

Abin da aka samu a ɗakunan gwaji ya ba mu mamaki. Iskar ta kan manne a bayan kowace irin laka, kaɗan ko da yawa. Amma shiga tsakanin fallaye wani abu ne dabam. In montmorilonait mai sodiyam ta bushe ƙayau, fallayenta a rufe, iskar gawayi ba ta iya buɗe su, ko an matsa ta da ƙarfi. In kuma lakar ta ƙoshi da ruwa, wuri ya cika, ruwa ya fi ta ƙarfin riƙo, kaɗan ce za ta samu shiga. Sai a tsakani, in akwai ɗan damshi da ya ɗaga fallayen kaɗan bai cika su ba, nan ne iskar ke kutsawa da yawa, lakar ta ƙara kumbura. Watau babban baƙo ba ya iya buɗe ƙofa da kansa. Ƙaramin ne ke sa ƙafa ya tokare ta.

Duk wanda ya yi zama da masu laifi ya ji labarinsu zai gane wannan. Ba wanda ya kwana lafiya ya tashi ya kashe mutum. Da fari aike ne: kai musu burodi, kai musu fetur, ga ɗan kuɗi. Sa'an nan gaya musu wa ya sayad da sa a kasuwa. Kowane mataki ƙarami ne, mai yinsa yana iya ce wa kansa bai yi kome ba. Kuma ba mutanen daji kaɗai ke bin wannan ƙofa ba. Akwai 'yan gari masu riga fara da ke sayen naman da sun san ba a yi cinikinsa ba.

Shi kansa kumburin nan na cikin murfi, masana sun ga yana da fuska biyu. Yana iya matse ƙananan tsaga ya toshe su, murfi ya ƙara kyau. Busasshiyar iskar kuma tana iya tsotse damshin laka, ta tsuke, sabuwar tsaga ta buɗe. Don haka ba a binne ta a juya baya. A In Salah ta Aljeriya, tsakiyar Sahara, an tura kusan tan miliyan 4 zuwa zurfin kusan kilomita 2 tun daga 2004. Ana ta aunawa daga tauraron ɗan adam, aka ga ƙasar wurin tana ɗagawa milimita kaɗan kowace shekara, aka ga alamar cewa matsin ya tsaga ƙasan murfin. Iskar ba ta ratsa murfin ta fito ba, duk da haka aka tsai da aikin a 2011. Dalilin tsoron ba boyayye ba ne. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos na Kamaru ya saki irin wannan iska da ta taru a ƙarƙashinsa daga dutse mai aman wuta. Da ya ke ta fi iskar shaƙa nauyi, ta bi kwari ta kwanta bisa ƙauyuka, mutum fiye da 1,700 suka mutu, yawancinsu cikin barci. Ba hannun mutum a wannan. Amma wanda ya san haka, sa'an nan ya binne iskar da hannunsa a ƙarƙashin jikokin wani, ba shi da bakin cewa ƙasa ce ta yi.

Har ruwan saman ma yanzu ba a iya wanke hannun mutum daga cikinsa sarai. Masu duban hadari daga sama sun ƙirga cewa manyan hadura masu tsanani a yankinmu na bakin Sahara sun ninka kusan sau 3 daga 1982 zuwa 2016, suna kuwa danganta wannan da ƙaruwar zafin Sahara. Mutanen Jibiya ba su manta daren Yuli na 2018 ba, da ruwa ya ci mutum fiye da 40. Ba za mu ce hayaƙin wane ne ya kawo wancan hadari ba. Amma manomin Batsari da bai taɓa mallakar mota ba yana karɓar ruwan da waɗansu suka sa wa hannu daga nesa. Haka wahalar samarin nan ma. Ba daga sama ta faɗo ba. Akwai wanda ya sayad da burtali, akwai wanda ya karɓi toshiya, akwai wanda ya kawo bindiga.

Wannan ya kawo mu ga magini. Maginan Hausa ba su san sunan montmorilonait ba, amma sun san aikinsu. Su kan duba ƙasa kafin su haƙa. In ta cika danƙo su ƙara yashi, su zuba ramno a tattake, a bar ta ta kwana ta ruɓa. Su ɗaga gindin bango, su sa indararo ya kai ruwa nesa, su shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa, mai hali ya sa laso. Bayan wannan duka, kowace shekara ko biyu sai an sake yaɓe. Hasumiyar Gobarau a Katsina ƙasa ce, ta ga damina ɗaruruwa, ba don an yi ta da wata ƙasa ta dabam ba. Hannu ne bai rabu da ita ba, tsara bayan tsara. Yawancin ɗakunan da suka faɗi a ƙauyukan da aka gudu aka bari, ba wanda ya rushe su. Damina biyu ko uku ba yaɓe, indararo ya toshe ba mai zarewa, shi ke nan. Yaro ma da ya tashi a ruga ko a ƙauye ba makaranta, ba asibiti, ba wanda ya taɓa tambayar sunansa sai mai karɓar haraji da mai kama shi, bango ne da ba a taɓa yaɓewa ba. Mu da ke cikin gari muna kallo, muna da rabo a nan, ko mun so ko mun ƙi.

Amma a nan misalin ya tsaya, dole kuwa mu faɗi inda ya tsaya. Laka ba ta da zaɓi. In ruwa ya zo, sodiyam na ciki, sai ta kumbura. Ba ta iya cewa a'a, ba a kuwa kai ta gaban alƙali. Mutum yana iya cewa a'a. Da wuya, wani lokaci da hasarar ransa, amma yana iyawa, kuma mun ga waɗanda suka yi. Saboda wannan ne ba za mu je wurin matar da aka kashe mijinta a Tsauwa mu ce mata ruwa ya yi gyara ba. Wanda ya harba shi ne ya harba.

A ganinmu kuskuren zaure shi ne ana ɗaukar laifi kamar ƙwarya ɗaya ta tuwo, in wannan ya ɗebi da yawa, rabon wancan ya ragu. Shi ya sa mai ba wahala laifi ya kan ji kamar yana wanke mai bindiga, mai ba hali laifi kuma ya kan ji ya wanke kansa. Ba haka lissafin ya ke ba. Mai kisa yana ɗauke da nasa cikakke. Wanda ya ci burtali yana ɗauke da nasa cikakke, bai rage wa wancan ko loma ba. Mai sayen satacciyar saniya haka. Masu sulhu kuwa, in suna so abin ya tsaya, ba su da hutu: su riƙa aunawa kamar mutanen In Salah, milimita milimita, su kuma yarda su faɗi gaskiya in sun ga ƙasa tana ɗagawa. Haƙƙin waɗanda aka kashe wa mutane ma yana nan, ba a tattake shi cikin ƙasar gini a ce ya ɓace.

Waɗanda suka koma ƙauyukansu bayan gudun hijira sun tarad da aiki jibge. Da kaka ta wuce, in an gama kai amfani gida, lokacin gini ke nan, kafin kududdufi ya ƙafe. Ba sa zubad da ƙasar ɗakin da ya faɗi. Su kan farfasa ta da fartanya, su tsince guntayen kasko da ba za su jiƙu ba su ajiye gefe, su zuba wa sauran ruwa, su ƙara sabuwar ƙasa da ramno, yara su shiga da ƙafa su tattake. Tsohon magini ya kan ɗibi kaɗan ya mulmula, ya ajiye a rana kwana biyu ya ga ko za ta tsage, kafin ya yarda a fara yin tubali.